Da me ma'aikatan cikin jirgi suka riƙe kansu lokacin da korona ta ajiye jirage a ƙasa?

A watan Afrilun 2020 tafiye-tafiyen fasinja a jirgin sama sun faɗi da kusan kashi 94 cikin ɗari in aka kwatanta da Afrilun 2019, lissafin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya kenan, wato IATA. Wata ɗaya kacal bayan hukumar lafiya ta duniya ta ce korona ta zama annobar da ta game duniya, ranar 11 ga Maris. Kowa ya ga hotunan jirage a jere an lulluɓe musu injina, amma mutanen nan da ke tsayawa a bakin ƙofar jirgi su yi maka barka da zuwa su nuna maka kujerarka, ba a cika tambayar ina suka shiga ba, da me suka biya haya, ya suka kwana da tunanin ko gobe akwai aiki ko babu. In an yi maganarsu ma sai ka ji ana cewa ai mutane ne masu juriya, sun saba da wahala. Eh suna da juriya, aikin ma shi ke koya musu, amma ni a ganina abin da ya raba wanda ya tsallake da wanda ya durƙushe yawanci yana cikin takardar da aka ɗauke shi aiki da ita ne, da ƙasar da aka ɗauke shi, da kuma ko akwai sauran igiya tsakaninsa da kamfanin bayan jirage sun tsaya.

Sai an fara gane yadda kuɗin wannan aikin yake shigowa tukuna. Ma'aikacin cikin jirgi ba kamar na ofis ba ne da zai san ƙarshen wata ga abin da zai gani ko an yi aiki ko ba a yi ba. A kamfanoni da yawa albashin asali ɗan kaɗan ne, sauran kuma daga awannin da ka yi a sama yake fitowa, sai alawus ɗin kwana a wani gari, sai a wasu kamfanonin masu araha ɗan kamasho kan abin da ka sayar wa fasinja. A Amurka shekara da shekaru lissafin awa ba ya farawa sai an rufe ƙofar jirgi, duk hidimar shigar da fasinja da ɗaga musu jakunkuna ba ta cikin lissafi, sai a 2022 ne kamfanin jiragen sama na Delta ya fara biyan lokacin shigar fasinja, shi ma rabin kuɗin awa. Toh kaga mutumin da rabin abin da yake samu ko fiye ya rataya a kan tashin jirgi, ranar da jirgi ya daina tashi an riga an rage masa albashi tun kafin kowa ya rubuto masa wasiƙa. Mutane da yawa a takarda suna nan da aikinsu, yunifom na rataye a ɗaki, katin shaida na cikin jaka, amma abin da ke shiga asusu ba ya kai su tsakiyar wata.

Sannan akwai maganar daɗewa a aiki, wadda a kamfanoni da yawa, musamman na Amurka, ita ce komai. Lambarka a jerin waɗanda suka riga ka shiga ita ke yanke wane jirgi za ka bi, wace rana za ka huta, kuma in za a rage mutane daga ƙasa ake farawa. Wannan lamba ba a ɗaukarta a tafi da ita wani kamfani, wadda ta yi shekara ashirin in ta koma wani wuri daga sifili za ta fara, tana zaman jiran kira kamar sabuwar shiga. Shi ya sa shawarar nan ta "ki nemi wani aikin mana" take da sauƙin faɗa, amma ga mai aikin tana nufin zubar da shekarun da ta tara, kuma a 2020 ma wane kamfanin ne yake ɗauka, duk a ƙasa suke.

Yanzu a duba yadda annoba ɗaya ta sami mutane masu aiki iri ɗaya amma kowa da irin tasa. A Amurka dokar CARES da aka sa wa hannu ranar 27 ga Maris 2020 ta ware dala biliyan 25 wa kamfanonin jiragen fasinja, da sharaɗin cewa kuɗin na albashi ne kuma ba za a sallami kowa dole ba har 30 ga Satumba. Ƙungiyar ma'aikatan cikin jirgi ta AFA da shugabarta Sara Nelson suna cikin waɗanda suka matsa sai da aka sa wannan sharaɗin, don da an miƙa wa kamfanonin kuɗin hannu sake da ba lallai ya isa ga ma'aikata ba. Wa'adin na cika, ranar 1 ga Oktoba kamfanonin jiragen sama na American da United suka tura sama da mutum 32,000 hutun dole, kuma rukunin da ya fi kowa yawa a ciki ma'aikatan cikin jirgi ne. A Disamba majalisa ta sake ba da kuɗi aka dawo da su, a farkon 2021 aka sake aika takardun gargaɗin sallama saboda wa'adin na biyu ya kusa cika, a Maris aka sake ba da kuɗi aka ce musu su yaga takardun. Ka auna wannan a rayuwar mutum ɗaya mai 'ya'ya: cikin wata shida an cire shi, an mayar da shi, an ce za a sake cire shi, an ce a'a ya zauna. Duk da haka shi yana cikin masu sa'a, domin hutun dole a tsarinsu yana nufin sunanka na nan a jeri, in abubuwa sun gyaru kai za a fara kira kuma a lambarka za ka dawo.

Jamus na da tsarin da gwamnati ke cike wa ma'aikaci wani kaso na albashin awannin da aka rage masa, Lufthansa ya jingina da shi sosai bayan tallafin yuro biliyan 9 da ya samu. Birtaniya ta biya kashi 80 na albashi har zuwa fam 2,500 a wata, amma a nan ne kuma British Airways ya sanar a Afrilun 2020 cewa zai iya rage ma'aikata har 12,000, sauran kuma ya nemi su koma kan sabbin sharuɗɗa masu ƙarancin kuɗi, abin da ya sa kwamitin sufuri na majalisar ƙasar ya kira lamarin abin kunya ga ƙasa. A Hon Kon, Oktoban 2020, Cathay Pacific ya soke gurabe 8,500 ya rufe ƙaramin kamfaninsa Cathay Dragon rana ɗaya, waɗanda suka rage kuma aka ba su ɗan gajeren lokaci su sa hannu kan sabon kwantiragi ko su kama gabansu. Wannan wani nau'in rashin tabbas ne da ba a cika lissafa shi ba, aikin bai tafi ba amma aikin da ka sani ya tafi, ka dawo jirgi ɗaya da yunifom ɗaya kana karɓar ƙasa da abin da ka gina rayuwarka a kai.

Labarin Norwegian, kamfanin jiragen sama na ƙasar Nowe, shi ya fi fito da abin fili. Kamfanin ba shi ke ɗaukar yawancin ma'aikatansa kai tsaye ba, ta hannun wasu ƙananan kamfanoni da dillalan ma'aikata yake bi. A Afrilun 2020 huɗu daga cikin ƙananan kamfanonin nan a Denmak da Siwidin suka bayyana karyewa, aka kuma soke yarjejeniya da dillalin da ke samar da ma'aikata a wasu ƙasashe, matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi kusan 4,700 suka wayi gari babu mai biyansu alhali kamfanin da sunansa ke jikin yunifom ɗinsu yana nan bai mutu ba. Takwarorinsu na cikin Nowe kuwa wannan karyewar ba ta haɗa da su ba, don tsarin ƙasar ya ɗauke wa kamfanin nauyin albashin waɗanda aka tura hutun dole. Jirgi iri ɗaya, horo iri ɗaya, ba wanda ya fi wani haƙuri a cikinsu.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne na ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Emirates ya dakatar da jiragen fasinja ranar 25 ga Maris 2020, kuma a shekarar kuɗin da ta ƙare a Maris 2021 ma'aikatan rukunin kamfanin sun ragu da kusan kashi 31. Kusan duk masu hidima a jiragen yankin baƙi ne daga ƙasashe barkatai, a yawancin kamfanonin babu ƙungiyar ƙwadago da za ta yi magana da yawunsu, bizar zama a hannun kamfani take, gidan da suke kwana ma na kamfani ne. Ɗauki misalin yarinyar da ta bar ƙasarsu ta zo wannan aikin, ita ke tura kuɗin makarantar ƙannenta da na maganin mahaifiyarta. An kira ta ofis, taron bai wuce 'yan mintoci ba, ta fito da takarda a hannu. A wannan takardar guda aiki ya tafi, ɗaki ya tafi, izinin zama a ƙasar ya fara ƙirga kwanaki, ga bashin banki da ta ci tana ganin albashi na zuwa, ga ƙasarsu ta rufe filin jirgi ko kuma sai ta yi killacewar mako biyu kafin ta ga kowa nata. Tana naɗe kaya a akwatin da ta saba ja zuwa aiki, abokiyar zamanta na ɗaki kuma tana kallonta tana duba wayarta ko ita ma saƙon ya shigo. Irin wannan in ka ce mata ta yi tunani mai kyau ta motsa jiki da safe, gaskiya ba ka taɓo inda yake mata ciwo ba.

Masu nazarin halayyar ma'aikata sun daɗe suna nuna cewa zaman fargabar rasa aiki yana cin mutum kusan kamar rasa aikin kansa, wani lokacin har ya fi daɗewa yana ci, saboda wanda aka sallama ya san inda ya tsaya zai fara neman mafita, shi kuwa mai jira ba zai iya komai ba, ba zai kama wani aiki na dindindin ba kar a kira shi, ba zai tashi daga gidan haya mai tsada kusa da filin jirgi ba kar a dawo aiki, ba zai ma iya ce wa iyalinsa ga halin da ake ciki ba don shi ma bai sani ba. Wani bincike da aka yi a Jamus ya kwatanta ma'aikatan cikin jirgi a 2019 da kuma farkon annobar a 2020, ya ga alamun damuwa da fargaba da ciwon baƙin ciki sun ƙaru sosai. Kuma aikin yana da wani abu da ya ƙara tsananta kaɗaicin: ba su da ofis, ba su da abokan aiki tsayayyu, a babban kamfani kusan kowace tafiya da sabbin fuskoki za ka haɗu a ɗakin bayani kafin tashi, ku yi awa goma sha biyu tare kamar 'yan gida ɗaya sannan ku rabu wataƙila sai bayan shekara. Rayuwarsu duka a kan jadawalin wata take tafiya, ranar da yake fitowa kowa na manne da waya. Sai ga jadawali ya fito fayau ba komai a ciki, wata bayan wata.

Toh da me suka riƙe kansu? Na farko dai guruf-guruf na WhatsApp da Facebook, inda ake raba labarin wa aka kira wa ba a kira ba, yadda ake cike fom ɗin tallafin marasa aiki, ina ake ɗaukar ma'aikatan wucin gadi. Amfaninsu a fili yake, illarsu ma haka, don jita-jita a irin wannan guruf gudu take, wani ya ji daga wani cewa gobe za a rage dubu biyu sai mutum ɗari su kasa barci. Inda kamfani ya riƙa fitowa yana faɗin gaskiya a kan lokaci, ko da gaskiyar mai ɗaci ce, mutane sun fi samun natsuwa a kan inda aka yi gum sai dai su tsinci labarin aikinsu a jarida. Ƙungiyoyin ƙwadago irin AFA kuma dama suna da tsarin da ma'aikaci ke kiran ɗan'uwansa ma'aikaci da aka horar ya saurare shi, wanda ya san mene ne zaman jiran kira ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na biyu, neman abin yi, kuma a nan ne mutane da yawa suka fara gane cewa wannan aikin ba raba shayi ba ne kawai. An horar da su taimakon gaggawa, farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, kashe wuta, fitar da jirgi cike da mutane cikin daƙiƙa 90, da lallashin wanda ya firgita. A Siwidin ma'aikatan kamfanin jiragen sama na SAS da aka ajiye sun yi kwas na kwana uku a jami'ar Sophiahemmet suka shiga taimaka wa asibitoci da gidajen tsofaffi. Singapore Airlines ya tura nasa asibitoci suna taya nas-nas da hidimar marasa lafiya, wasu kuma tashoshin jirgin ƙasa. A Ostireliya da Qantas ya ajiye kusan mutum 20,000 cikin 30,000, wasu sun koma jera kaya a manyan kantuna. Thai Airways da ya shiga kotun gyaran bashi ya buɗe gidan abinci a hedikwatarsa a Bankok da kujerun jirgi, ma'aikatan cikin jirgi na hidima. A Japan kuwa kamfanonin jiragen sama na ANA da JAL aron ma'aikatansu suka riƙa bai wa wasu kamfanoni da hukumomi, mutum yana aiki a kanti ko cibiyar amsa waya amma har yanzu sunansa na cikin littafin kamfaninsa na jirgi, kuma a ganina wannan ya fi duk sauran dabarun hankali, don ya ba shi abin yi da albashi ba tare da ya ce masa ka manta da aikinka ba.

Akwai wanda ya fi burge ni, ba don kuɗi aka yi shi ba ma. A Birtaniya wasu matuƙa suka kafa wani shiri mai suna Project Wingman, ma'aikatan jirgi daga kamfanoni daban-daban suka riƙa sa yunifom ɗinsu suna zuwa asibitoci, a ba su wani ɗaki su gyara shi kamar falon jiran manyan fasinjoji, likita ko nas ta fito daga ɗakin masu korona a gajiye fuska duk shatin takunkumi, a zaunar da ita a miƙa mata shayi a tambaye ta ya aiki. Kyauta suke yi. Amma ka duba abin da ya mayar musu: dalilin goge takalmi da safe, lokacin fita da na dawowa, abokan aiki, da kuma jin cewa abin da suka iya yana da amfani ga wani. Mutumin da rashin tabbas ya cinye, abin da ya fara rasawa kenan tun kafin kuɗi su ƙare.

Sai dai kar a ɗauki waɗannan labaran masu daɗin ji a rufe sauran da su. Waɗanda suka samu irin wannan dama tsiraru ne, kuma yawancinsu suna da wani tallafi a ƙasa da ya sa za su iya aikin sa-kai. Da yawa abin da suka yi shi ne cinye ajiya, sayar da mota, komawa gidan iyaye, kai saƙo a babur ko mota, sayar da kaya a intanet. Wasu kuma suka karɓi tayin barin aiki da kansu, a Delta sama da mutum 40,000 ne suka ɗauki hutu ba albashi, dubbai suka yi ritaya da wuri, ta haka kamfanin ya kauce wa tura ma'aikatan cikin jirginsa hutun dole duk da ba su da ƙungiya. Ana kiran wannan zaɓi, amma zaɓin da mutum ya yi yana hango abin da ya fi shi muni a gaba, nauyinsa ba ɗaya ba ne da wanda ya yi hankali kwance.

Waɗanda suka ci gaba da tashi ma ba hutawa suka yi ba. A farkon annobar babu riga-kafi, kayan kariya ba su wadata ba, mutum na tsaye a cikin jirgi da ɗaruruwan baƙi yana tunanin me zai kai wa tsohuwarsa a gida, kuma yana tsoron cewa ba shi da lafiya a lokacin da ake duba wa za a rage. Ma'aikatan Cathay a 2021 sun shiga wani tsari na kwana 21 suna aiki ba su zuwa gida, sai kwana 14 a killace a ɗakin otal, sannan hutun kwana 14, wato mako biyar ba ka ga iyalinka ba, abinci a bakin ƙofa ake ajiye maka. A Amurka kuma aka ɗora musu tilasta sa takunkumi, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, ta karɓi rahoto kusan 6,000 na fasinjoji masu tayar da rigima a 2021, fiye da 4,000 a kan takunkumi ne, har wata ma'aikaciyar kamfanin Southwest fasinja ta naushe ta ta lalata mata haƙora. Mai fargabar rasa aiki ba ya son ƙorafi ya shiga fayil ɗinsa, don haka da yawa haɗiyewa suka yi.

Da tafiye-tafiye suka dawo a 2022 sai aka ga kuɗin tsinke igiyar nan. Ma'aikacin cikin jirgi ba a ɗauko shi yau ya tashi gobe, takardar ƙwarewarsa sai an sabunta ta da horo duk shekara, a Turai in ya wuce wata shida bai tashi ba sai ya sake tirenin, sabon ɗauka kuma sai ya yi makonni a aji sannan a jira binciken tsaro kafin a ba shi katin shiga filin jirgi. Waɗanda aka sallama da yawa sun riga sun sami aikin da suke kwana a gida kullum, an kira su sun ce sun gode. British Airways da ya rage dubbai a 2020 ya koma yana tayin fam 1,000 ga sabon ma'aikacin cikin jirgi da zai zo da katinsa na tsaro a hannu. Doka ta ce duk kujera 50 sai da ma'aikaci ɗaya, sai kamfanin easyJet ya cire layin kujeru na ƙarshe a jiragensa ƙirar A319 na Birtaniya, daga 156 suka koma 150, don su iya tashi da ma'aikata uku maimakon huɗu. A watan Yulin shekarar filin jirgin Heathrow na Landan, da shi ma ƙarancin ma'aikatan ƙasa ya sha masa kai, ya taƙaita masu tashi zuwa 100,000 a rana ya kuma roƙi kamfanoni su daina sayar da tikitin bazara.